Suna Ɗaya, Adireshi Biyu

Assalamu alaikum Admin, sannu da ƙoƙari. A ɓoye sunana don Allah, duk da in kun karanta za ku ga sunan ma ba ni kaɗai ke da shi ba. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, amma ina roƙon wanda ya san abin da zai rubuta shi ne "ki bi iyaye kawai" ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna. A gidan malamai na tashi, wannan nasihar tun ban iya ɗaura zani ba nake jin ta, ba ita na rasa ba.

Ni matar aure ce, ina zaune a Yalwawa nan Dutse da maigidana da yaranmu uku, amma asalinmu Jahun. Babanmu malami ne, makaranta gare shi a ƙofar gida, kuma mu mata ma bai ɗaga mana ƙafa ba, duk a gabansa muka yi sauka muka yi hadda. Yau shekara biyu da wani abu ina koyar da Alƙur'ani ta intanet. Wani kamfani ne na waje yake haɗa malamai da yaran Musulmi da ke ƙasashen Turawa, ka buɗe akawun, a gwada karatunka, a ba ka ɗalibai kuna ganin juna ta bidiyo. Saboda aikin ne maigidana ya sa aka kafa mana intanet na gida, irin wanda ake ɗora ɗan faifai a kan dogon ƙarfe, waya ta sauko zuwa rauta, 'yar na'urar da ke rarraba intanet ɗin, a falo.

Sai maganar 'yar uwata, zan kira ta Ummi. Ummi 'yar ƙanin Baba ce, mahaifinta ya rasu tana ciki, kuma tsakanin haihuwata da tata kwana goma sha tara ne. A shekarar ce kuma kakarmu, mahaifiyar su Baba, ta rasu. Da aka haife ni Baba ya sa mini sunanta, da aka haifi Ummi shi ne dai ya raɗa suna, ya sake sa wannan sunan. An ce har abokan wasansa sun tsokane shi wai ko sunaye ne suka ƙare a littattafansa, ya ce shi uwa ɗaya gare shi kuma 'ya biyu Allah ya ba shi. Tunda ba mai iya kiran sunan a gidan, ni aka koma ce mini Mami, ita Ummi. Da aka yaye ta mahaifiyarta ta yi aure a Miga, aka bar ta wurin Innarmu, tabarma ɗaya, kwano ɗaya, allo ma sai da Baba ya yi wa nawa alama don mu daina faɗa a kai. Ranar da ya kai mu firamare hedimasta ya tambayi sunan uba, Baba ya faɗi sunansa sau biyu. Ranar haihuwa kuwa ba wanda ya tambaya, ɗaya ga Janairu aka rubuta mana kamar yadda aka rubuta wa rabin ajin, haka takardun suka bi mu har katin ɗan ƙasa. Kowa a gida ya san gaskiya, ita ma ta sani, amma ni tunda nake ban taɓa jin wani ya furta ba, ko a cikin faɗa.

Bara aurenta ya mutu, ba zan shiga dalili ba don ba nawa ba ne in faɗa. Ta yi idda a Jahun, ta koma ko tsakar gida ba ta fitowa sai dole, ta rame, mai surutun da sai an ce ta yi shiru ta zama sai an tambaye ta take magana. Na roƙi Baba ya ba ni ita, maigidana ma Allah ya saka masa ya ce gida nata ne. Ummi ta fi ni tajwidi, wannan a gaban kowa zan faɗa, sai na cika mata fom a kamfanin, aka yi mata gwaji ta ci, aka ba ta ɗalibai. Wallahi cikin wata guda na ga 'yar uwata ta dawo. In ta gama darasi sai ta fito tana kwaikwayon wata 'yar ɗalibarta da take kokawa da harafin aini kamar ta haɗiye ƙashin kifi, mu yi ta dariya har tuwo ya kusa kamawa.

Ana cikin haka wata rana bayan la'asar ta zo shiga aji, akawun ya ƙi buɗewa. Sai ga saƙo ta imel wai sun gano mutum ɗaya yana amfani da akawun biyu, don haka sun rufe sabon. Dalilinsu suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, kuma adireshin IP ɗaya. Ga wanda bai sani ba, kamar yadda ni ma ban sani ba a lokacin, duk gidan da ke da intanet akwai wata lamba da duniya take ganinsa da ita, ita ce adireshin IP. Ko waya ashirin ce a gidan, rauta ce take rarraba musu a ciki, amma in za su fita waje da lamba ɗaya suke fita, kamar gidan da ya cika da mutane amma ƙofar zaure ɗaya ce. To su can ƙofar kawai suke gani, sun ga mace ɗaya tana shiga tana fita da suna ɗaya, suka yanke hukunci.

Mun tura hoton katinmu, lambobin katin daban ne amma ba wanda ya kula. Mun tura hoton fuskarmu a tare, to 'ya'yan wa da ƙani ne cikin hijabi, har ni da na kalla sai da na ce lallai mun ba su aiki. Sati uku muna rubutu ana turo mana amsa iri ɗaya da ka gani ka san na'ura ce, Ummi kuwa ta fara komawa ɗaki tana rufe ƙofa kamar yadda take yi a Jahun. Daga ƙarshe wani mutum ya amsa, layi biyu kacal, wai za su buɗe in mun tabbatar musu kowace tana shiga daga adireshi daban, kuma wannan ce dama ta ƙarshe. Na san wani zai ce me ya hana ta yi da datar waya. Da ita na fara aikin kafin a kafa na gidan, a layinmu sabis ba ya ɗaukar bidiyo, yaro zai fara aya hoton ya tsaya, ki dawo ki same shi a ƙarshen shafi. Kafa wani faifan na biyu kuwa ba mu da halinsa.

Sai na kira kamfanin da suka kafa mana, suka turo injiniyansu, wani dattijo mai haƙuri. Na nuna masa saƙon, ya ce a yarensu in an ce adireshi ana maganar shiga intanet to IP ake nufi, kuma ba sai an ja wani layi ba, a kan layi ɗaya ana iya ba gida lamba biyu ko fiye, abin da ofisoshi suke yi kenan kullum. Na tambaye shi har sau biyu ko ɓoye kai ne irin na 'yan damfara, ya ce a'a Hajiya, lambobin duka a rajistarmu suke da sunan maigidanki, duk mai dubawa zai ga daga kamfani ɗaya suka fito. Maigidana ya sa hannu a fom, aka ɗan ƙara mana kuɗin wata, injiniya ya saita rauta yadda kwamfutata take fita da lamba ɗaya, ta Ummi da ɗayar. Har ya liƙa 'yar takarda a jikin wayoyin biyu da suka taso daga rauta zuwa kwamfutocinmu don kada a musanya, ɗaya Mami ɗaya Ummi.

Ga inda zan faɗi abin da na yi, don ban zo nan in wanke kaina ba. Da na zo ba su amsa na rubuta cewa yanzu kowace da nata adireshin, amma gida ɗaya muke zaune. Na tsaya ina kallon rabin na ƙarshe, na tuna dama ɗaya ce ta rage, na tuna ƙofar ɗakin Ummi a rufe, sai na goge shi na tura na farkon. Kwana biyu aka buɗe mata. Kuma ku sani, a fom ɗinmu inda ake rubuta gidan da mutum yake zaune ban taɓa ko harafi ba, har gobe duka biyun Yalwawa suke cewa, layi ɗaya, gida ɗaya. In suna so su sani yana gabansu a rubuce.

Wata biyar muna zaune lafiya, ɗalibanta har sun fi nawa yawa, sai babban wanmu ya shigo Dutse wani aiki ya biyo cin abinci. Yaya shi yake taya Baba riƙe makaranta, kuma irin mutanen nan ne da ko gaisuwa ka yi musu sai sun gyara maka wasali. Ya ga wayoyi biyu da sunaye, ya tambaya. Ni kuma da rawar kai, ina jin na yi abin a yaba, na ba shi labari tun daga farko, na nuna masa saƙon, har da abin da na rubuta na goge, don bakina ba ya riƙe magana. Ya karanta ya sake karantawa, ya ce shi dai a Turancin da ya sani adireshi gida ne, mutanen nan cewa suka yi a raba gida, ni kuma na sayo lamba na rufe musu ido. Na ce ai dokarsu mutum ɗaya akawun ɗaya ce, mu kuwa mutum biyu ne, hanci biyu, murya biyu, su suka yi kuskure suka haɗe mu ni kuma na raba. Ya ce in da gaske ban ji tsoron komai ba me ya sa na goge, kuma ladan koyar da littafin Allah ba a cin sa da dabara. Na ce to ya je ya koya wa na'urar tasu bambanta mutane tukuna. Bai ƙarasa abincin ba ya tashi.

Ranar Asabar Baba ya aiko mu zo Jahun ni da Ummi. Muka same shi a zaure da littafi a gabansa, Yaya a gefe. Bai yi faɗa ba, Baba ba ya faɗa, tambaya ɗaya ya yi mini, wai da gaske na rubuta na goge. Na ce eh. Ya ce to Mami abin da kika goge shi ne sauran gaskiyar, rabinta kika ba su. Na yi masa bayanin lambar, na kawo misalin zauren, na ce ba ƙarya a cikin abin da na tura ko kalma ɗaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a cire lambar ta biyu, Ummi ta tattaro kayanta ta dawo gida, in gida daban suke so ga gida daban. Na ce Baba sabis ɗin unguwarku ko kiran waya sai an fita bakin titi, in ta dawo aikin ya tafi kenan. Ya ce wanda ya ba ta wannan zai ba ta wani. Sai na ji Ummi daga bayana ta ce "to Baba" da wata ƙaramar murya, irin wadda take amsa mutane da ita lokacin idda.

Wannan "to" ɗin ce ta kwance mini kai. Na ce Allah ya gafarta Malam, in duk takardar da ta faɗi rabin gaskiya ha'inci ce, to sunan uban da ke kan takardun Ummi fa?

Wallahi kafin in rufe baki na so ƙasa ta tsage in shige. Shekara talatin da ɗoriya ba wanda ya taɓa faɗar wannan magana a gidan, ko maƙiyi, sai ni da muka sha koko a kofi ɗaya da ita. Yaya ya miƙe tsaye, Baba ya ɗaga masa hannu ya zauna. Ya cire tabarau, ya rufe littafin, sannan ya ce mu tashi mu tafi kada mu rasa mota. Daga Jahun har Dutse fuskar Ummi na waje, da muka sauka a tasha ma adaidaita daban ta hau.

Na kira Baba washegari ina kuka ina ba shi haƙuri, na so a ce ya zage ni ko ya kashe wayar. Cewa ya yi ba komai Mami, ai tuna mini kika yi, Allah ya yi miki albarka. Bayan kwana uku Yaya ya zo da ambulan, ko zama bai yi ba. A ciki akwai tsohuwar takardar makarantar mahaifin Ummi da hotonsa, ashe duk shekarun nan Baba yana ajiye da su, sai wata 'yar takarda da rubutun Baba na ajami. A takardar Baba ya ce Mami ta yi gaskiya, shi ya fara yin kuskuren, kuma a addini ma da sunan mahaifi ake kiran ɗa. A kai Ummi kotu ta yi rantsuwa a sa mata sunan mahaifinta, a gyara katin, in suna ya bambanta a rubuta wa kamfani komai, a cire lambar, ta ci gaba da zamanta a Dutse da aikinta.

Yanzu kowa murna yake wai an samu mafita. Yaya ya ce ranar Litinin zai zo da kansa ya raka ta kotu. Maigidana ya ce wannan ai sauƙi ne ya zo, aiki bai tafi ba, ba ta koma Jahun ba, ba kuma sauran shakka. Har Innarmu da na kira ta ce in rufa wa kaina asiri in yi shiru haka nan, na yi mai isata. To ni ban ga mafita ba, kuma ban yarda ba. Mutumin da ya tsaya gaban hedimasta ya faɗi sunansa sau biyu don kada yarinya ta ji a aji ana kiranta da sunan wanda ke kabari, shi ne yau zai aiko a cire sunan saboda wata na'ura a ƙasar da bai taɓa zuwa ba ta kasa ƙirga mutum biyu, da kuma saboda bakina. Na san hukuncin da ya kawo, a gabansa na karanta shi, ba jayayya nake da shi ba. Amma in Ummi za ta ɗauki sunan mahaifinta, ta ɗauka ranar da ranta ya so, don son mahaifin nata, ba don a samu a zare wata waya daga jikin rauta ba.

Maganar da na faɗa wa Baba na yi nadamarta, zan yi ta nadamarta har in mutu. Lambar kuwa ban yi nadama ba, ko yau aka mayar da ni baya sai na sake sa ta, kuma har yanzu da nake wannan rubutu tana nan, Ummi tana ɗaki tana biya wa wata yarinya Tabaraka ta kan lambar. Na gaya wa maigidana in ƙarin kuɗin ne ni zan riƙa biya. Na kuma yi tunanin in rubuta wa kamfanin abin da na goge in huta, ko da za su rufe, amma in sun rufe ba nawa za su rufe ba, nata ne sabo, da abincinta zan yi wannan jarumtar ba da nawa ba.

Ita Ummi ba ta ce za ta je ba, ba ta ce ba za ta je ba. Ambulan ɗin yana cikin jakar Alƙur'aninta, na ga ta ciro hoton sau ɗaya ta mayar. Jiya da rana muna tsinke zogale a tsakar gida, karo na farko da ta yi mini doguwar magana tun dawowarmu, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Mami, in na canza ɗin, ranar da na je Jahun na durƙusa gaishe shi, me zan ce masa, Baba ko Baffa?"

To 'yan uwa ga ni gare ku, Litinin saura kwana uku. In tsaya a bakin ƙofa in ce wa Yaya ba inda za ta, in ƙara saɓa wa Baba a karo na biyu? In rubuta wa kamfanin gaskiya duka in sa aikinta a caca? Ko in koma Jahun in faɗi a gabansa in ce ya karɓi ambulan ɗinsa, ni a bar ni da lambata da zunubinta in akwai? Masu ilimi ku gaya mini tsakani da Allah ko abin da na goge ya mayar da aikinmu haram, waɗanda suka san harkar intanet kuma ku gaya mini ko adireshi a wannan saƙon gida ne ko lamba. Amma kada wanda ya ce mini canza suna abu ne mai sauƙi. Tambayar da ta yi mini jiya har yanzu ban ba ta amsa ba, in akwai mai amsar a cikinku ya rubuto in kai mata.